BABI NA HUƊU: TARKEN FIM ƊIN GRBAVICA TA FUSKAR JINSI DA ƘABILA DA MANUFAR HUKUMA BAYAN YAƘIN BOSNIYA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda ƙasar Yugoslabiya ta wargaje, da yadda yaƙi ya ɓarke a Bosniya daga shekarar 1992 zuwa 1995 tsakanin manyan ƙabilu uku na ƙasar, wato Bosniyawa Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa. An kuma nuna cewa mutane wajen 100,000 ne suka rasa rayukansu, kuma an ƙiyasta cewa matan da aka yi wa fyaɗe sun kai tsakanin 20,000 zuwa 50,000. A wannan babi kuwa za a yi tarken fim ɗin Grbavica, wanda ya fito a shekarar 2006, domin a ga yadda ya kalli rayuwar irin waɗannan mata bayan an ajiye makamai. Za a fara da taƙaitaccen tarihin fim ɗin da labarinsa, sannan a duba jigo da warwararsa, da zubi da tsari da salo. Daga nan sai a auna saƙon fim ɗin da dokokin da hukumomin Bosniya suka yi a kan wannan matsala, a kuma fito da wuraren da fim ɗin ya gaza.

4.1 Taƙaitaccen Tarihin Fim ɗin

Jasmila Zbanic ce ta rubuta labarin fim ɗin, kuma ita ce ta ba da umarni. An haife ta a birnin Sarayebo a shekarar 1974, saboda haka tana budurwa aka yi wa birnin ƙawanyar da ta ɗauki kusan shekara huɗu, daga watan Afrilu na 1992 zuwa Fabrairu na 1996. Grbavica shi ne dogon fim ɗinta na farko, kuma an shirya shi da haɗin gwiwar kamfanoni daga Bosniya da Ostiriya da Jamus da Kuroshiya. A watan Fabrairu na 2006 ya lashe lambar yabo mafi girma a bikin fina-finai na birnin Balin. A jawabinta na karɓar lambar, Zbanic ta tunatar da mahalarta cewa Radovan Karadzic da Ratko Mladic suna yawo ba a kama su ba. Sai a 2008 aka kama na farkon, na biyun kuma a 2011.

Sunan fim ɗin sunan wata unguwa ce a Sarayebo wadda sojojin Sabiyawan Bosniya suka riƙe a lokacin yaƙi, kuma sai a watan Maris na 1996 ta koma hannun gwamnati. An azabtar da farar hula da yawa a wannan unguwa. A shekarar 2013 kotun ƙasar Bosniya ta yanke wa Veselin Vlahovic hukuncin ɗaurin shekara 45 saboda kisa da fyaɗe da ya aikata a wannan yanki, daga baya aka rage zuwa 42. A harshen mutanen wurin, asalin kalmar tana nufin mace mai doro. Wannan ma'ana ta dace da tauraruwar fim ɗin, domin kuwa tana ɗauke da wani kaya a bayanta wanda ba ta iya saukewa.

4.2 Labarin Fim ɗin a Taƙaice

Esma mace ce da ke zaune a unguwar Grbavica tare da 'yarta Sara mai shekara 12. Kafin yaƙi ɗalibar koyon aikin likita ce, amma yanzu da ɗinki da ɗan tallafin da ake bayarwa a cibiyar mata take rufa wa kanta asiri. Tun Sara tana ƙarama uwar ta gaya mata cewa mahaifinta shahidi ne, ya rasu a fagen fama. Ana nan sai makarantar su Sara ta shirya wa ɗalibai tafiyar buɗe ido, kuɗin kowane ɗalibi Yuro 200, amma an yi wa 'ya'yan shahidai rangwame idan sun kawo takardar shaida. Sara ta nemi uwarta ta ba ta takardar, uwar kuwa ta shiga kame-kame. Maimakon takarda sai ta kama aikin raba abin sha a wani gidan rawa na dare domin ta tara kuɗin. A can ta haɗu da Pelda, mai gadin lafiyar mai gidan rawar, har shaƙuwa ta fara shiga tsakaninsu. Daga ƙarshe ƙawarta Sabina ce ta bi abokan aikinta mata a masana'antar takalma suka yi karo-karo aka haɗa kuɗin.

Biyan kuɗin bai kashe maganar ba, sai ma ya tayar da ita, domin 'yan ajin su Sara sun fara tambayar dalilin da ya sa ba ta kawo takarda ba in har ubanta shahidi ne. Sara ta karɓi bindigar da abokinta Samir ya gada daga mahaifinsa, ta nuna uwarta da ita, ta ce sai ta faɗa mata gaskiya. A nan ne Esma ta fashe, ta faɗa mata cewa a sansanin da aka tsare ta aka yi ta yi mata fyaɗe har ta sami cikinta. Sara ta aske gashin kanta ƙwal. Fim ɗin ya ƙare a lokacin da motar ɗalibai ke tashi, Sara ta ɗaga wa uwarta hannu ta gilashin baya.

4.3 Jigo

Masana adabin Hausa sun bayyana jigo da cewa shi ne saƙon da mai fasaha yake son isarwa ga jama'a, wato abin da aikin nasa ya ƙunsa tun daga farko har ƙarshe. Idan aka bi wannan ma'ana, babban jigon Grbavica shi ne wariyar da al'umma take yi tsakanin waɗanda yaƙi ya cuta. Akwai wanda aka karrama aka ba iyalinsa takarda, akwai kuma wadda aka bari da kunya da shiru, alhali yaƙi ɗaya ne ya ci su. Ƙananan jigogin da suka taimaka wajen gina wannan babban jigo sun haɗa da soyayyar uwa da ɗa, da talaucin bayan yaƙi, da zumuncin mata, da neman asali.

4.3.1 Warwarar Jigo: Takardar Shaida

Duk rikicin fim ɗin a kan takarda guda ya rataya. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin da ita marubuciyar ta shigo da hukuma cikin ɗakin Esma ba tare da an nuna wani minista ko ɗan majalisa ba. Takardar shaidar shahada ita ce bakin hukuma a cikin labarin. Wanda yake da ita yana da rangwame a makaranta, yana da alfahari a cikin tsara, yana kuma da amsar da zai bayar idan an tambaye shi ɗan wane ne. Samir yana da wannan duka, har ma ya san inda mahaifinsa ya faɗi. Sara kuwa ba ta da komai sai maganar uwarta.

Abin lura a nan shi ne, Esma ba ta ƙirƙiri ƙaryar shahada don son abin duniya ba, domin ba ta taɓa neman ko sisin kwabo da ita ba. Ta zaɓi wannan ƙarya ce saboda ita kaɗai ce rigar mutunci da al'ummarta ta tanada wa yaron da ya tashi babu uba bayan yaƙi. Da a ce akwai wani matsayi da doka ta amince da shi ga macen da aka yi wa fyaɗe da abin da ta haifa, wanda ba ya jawo zunɗe, da ba ta bukaci aron matsayin wani ba. Saboda haka laifin ƙaryar ya rabu biyu, kuma kaso mafi girma yana wuyan tsarin da ya ƙi yin tanadi. Hausawa kan ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

4.3.2 Matsalar Jinsi

Fim ɗin ya nuna cewa an auna asarar yaƙi da mudun maza. Namijin da ya mutu da bindiga a hannu ya zama shahidi, wanda ya dawo da rai ya zama tsohon soja. Macen da aka mayar da jikinta fagen fama kuwa ba ta da suna a cikin wannan lissafi. An fito da wannan a fili a fitowar cibiyar mata, inda ake tara su a zaune a kan darduma, jami'a tana roƙon su da su yi magana domin su sami sauƙin zuciya, su kuwa mafi yawansu jiran lokacin sa hannu a karɓi ɗan tallafi suke yi. Wannan fitowa suka ce ga irin taimakon da ake kawowa daga sama ba tare da an tambayi mai bukata abin da ke damunta ba. Macen da ba ta da kuɗin haya ba za ta ga amfanin zaman faɗar damuwa ba, sai an fara share mata hawayen da ke kusa.

Haka kuma fim ɗin ya nuna cewa cin zarafin mata bai tsaya ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba. A gidan rawar da Esma take aiki, maza masu kuɗin da ba a san asalinsa ba suna wasa da jikin mata a bainar jama'a, kuma ganin haka yakan tayar mata da tsohon miki har ta nemi wurin ɓuya ta sha magani. A cikin motar haya ma, kusantar wani namiji kaɗai ta sa ta sauka tun ba ta kai inda za ta ba. Bindiga kuma ba ta bar gari ba, tunda har ta faɗa hannun yara 'yan makaranta. Da waɗannan misalai marubuciyar ta nuna cewa ɗabi'ar da ta halatta fyaɗe a lokacin yaƙi tana nan da ranta, tufafi kawai ta sauya.

4.3.3 Matsalar Ƙabila

A al'ummar Bosniya, kamar sauran al'ummu da yawa, ɗa na ubansa ne, kuma daga uba ake gadon suna da ƙabila. Waɗanda suka tsare mata a sansanoni sun san da haka, shi ya sa aka sami rahotannin cewa an riƙe wasu matan har sai da cikinsu ya wuce zubarwa. Manufar ita ce a sa mace ta haifa wa abokan gaba ɗa, a kuma raba ta da danginta. Wannan ita ce ƙayar da ta soki Sara. Yarinyar da ta tashi tana taƙama da cewa ubanta ya mutu wajen kare birninsu, rana ɗaya ta ji cewa jinin waɗanda suka yi wa birnin ƙawanya ne a jikinta. Kalmar da uwar ta jefe ta da ita cikin fushi ita ce Cetnik, wato laƙabin da ake yi wa mayaƙan Sabiyawa masu tsananin kishin ƙabila.

Sai dai fim ɗin bai yarda da wannan lissafi na jini ba. Ya nuna Sara a matsayin 'yar Sarayebo ta kowace fuska: harshenta da wasanta da rashin kunyarta duk na yaran birnin ne. A fitowar ƙarshe, lokacin da ɗalibai suka ɗauki wata sananniyar waƙa ta yabon Sarayebo, Sara ta yi jim, sannan ta bi su. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya rene ka da inda ka tashi su ne asalinka. Idan al'umma ta ƙi yaron saboda ubansa, to ta ƙarasa wa mai fyaɗen aikin da ya fara. Wani abin da ya ƙarfafa wannan saƙo shi ne zaɓen 'yan wasa. Mirjana Karanovic, wadda ta fito a matsayin Esma, Basabiya ce haifaffiyar birnin Belgired, Leon Lucev da ya fito a matsayin Pelda kuwa ɗan Kuroshiya ne.

4.4 Zubi da Tsari da Salo

An zuba labarin a miƙe, daga sanarwar tafiya zuwa ranar tashi, cikin kimanin minti 90. Babu waiwaye ko ɗaya zuwa lokacin yaƙi. Ba a nuna sansani ba, ba a nuna soja ba, ba a kuma nuna fyaɗen ba. Wannan shi ne babban abin yabo a salon fim ɗin, domin nuna irin wannan aika-aika a majigi yakan mayar da wulaƙancin mace abin kallo. A maimakon haka an bar mai kallo ya tsinci labarin daga alamomi. Akwai tabon duka da aka hango a bayan Esma lokacin da take sauya tufafi. Akwai kuma fitowar da uwa da 'ya suke kokawar wasa a gida, da Sara ta danne ta ta riƙe hannayenta sai fuskar uwar ta sauya, ta daka mata tsawa. Mai kallo mai hankali ya gane sirrin tun kafin a faɗe shi, saboda haka abin da ke riƙe shi shi ne jiran ranar da yarinyar za ta sani da yadda za ta ɗauka.

Gashi ma alama ce da aka yi amfani da ita da gwaninta. Da Sara ta matsa wa uwarta da tambayar abin da ta gado daga mahaifinta, uwar ta ce gashi. A lokacin yarinyar ta ji daɗi. Bayan gaskiya ta fito, askin da ta yi ya zama yunƙurin cire uban daga jikinta. Ba a sa mata dogon jawabi a baki ba, aikin hannunta ya wadatar.

Ta fuskar tsari, fim ɗin ya buɗe da cibiyar mata, ya kuma koma can gab da ƙarshe. A farko Esma tana cikin masu shiru. A komawa ta biyu ita ce mai magana, inda ta ba da labarin yadda ta ƙi kallon jaririyar bayan haihuwa, da yadda nono ya kawo ta yarda ta shayar da ita sau ɗaya, da yadda kyan jaririyar ya karya mata zuciya. Wannan zagaye ya ba fim ɗin daidaito, ya kuma nuna cewa magana tana da amfani idan mai ita ce ta zaɓi lokacinta.

4.5 Fim ɗin da Manufar Hukuma

Kafin fitowar fim ɗin an riga an sami ci gaba ta fuskar shari'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kotun musamman a birnin Hague a 1993. A watan Fabrairu na 2001 kotun ta sami Dragoljub Kunarac da Radomir Kovac da Zoran Vukovic da laifi a kan abin da aka yi wa mata a garin Foca, ta ɗaure su shekara 28 da 20 da 12. Wannan ne karo na farko da kotun ta hukunta fyaɗe a matsayin laifin cin zarafin bil'adama. A watan Oktoba na 2000 kuma Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 a kan mata da zaman lafiya. Amma hukuncin Hague bai sa tukunya a murhun mace irin Esma ba. A cikin gida, dokar farar hular da yaƙi ya shafa tana neman mutum ya nuna naƙasar jiki ta kashi 60 cikin 100, sharaɗin da mafi yawan matan ba za su iya cikawa ba tunda raunin nasu ba a ido yake ba.

A nan ne fim ɗin ya yi tasirin da ba kasafai aikin fasaha yake yi ba. Ƙungiyoyin mata sun yi amfani da lokacin nuna shi suka tattara sa hannun mutane wajen 50,000, kuma a cikin shekarar 2006 majalisar yankin Tarayya ta gyara dokarta, ta amince da waɗanda aka yi wa fyaɗe a matsayin rukuni na musamman mai haƙƙin alawus na wata-wata ba tare da sharaɗin naƙasa ba. Ke nan takardar da Esma ta rasa a cikin fim, an samar da irinta a zahiri.

Duk da haka, gyaran ya zo da gurguntaka, kuma tushen gurguntakar ƙabilanci ne. Yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta raba ƙasar gida biyu, wato Tarayyar Bosniyawa Musulmi da Kuroshiyawa a gefe guda, da Jamhuriyar Sabiyawa a ɗaya gefen, daga baya kuma aka kafa gundumar Brcko mai cin gashin kanta. Kowane yanki da dokarsa ta jin daɗin jama'a. A Jamhuriyar Sabiyawa sharaɗin kashi 60 ya ci gaba da aiki, kuma an rufe karɓar takardun neman tallafi a farkon 2007. Sai a 2018 yankin ya yi dokar kare waɗanda aka azabtar a yaƙi. A wannan yanki ma gidajen silima ba su nuna fim ɗin ba lokacin da ya fito. Sakamakon haka shi ne, mata biyu da aka tsare a ɗaki ɗaya za su iya samun haƙƙi daban-daban, gwargwadon inda kowace ta zauna bayan yaƙi. Matar da ta koma garinsu a wani yanki tana iya rasa abin da take karɓa, wanda hakan ya zama tarnaƙi ga komawar 'yan gudun hijira. Ko a cikin Tarayyar ma, bayan gyaran 2006 alawus ɗin farar hula ya tsaya ne a kashi 70 cikin 100 na abin da ake ba sojan da ya naƙasa, wato dai mudun nan na maza bai sauya ba.

Ita kuwa Sara, wato yaran da aka haifa ta wannan hanya, dokar 2006 ba ta ambace su ba. Da suka girma sun kafa ƙungiyarsu a 2015, kuma ɗaya daga cikin koke-kokensu shi ne gurbin sunan uba da ake tilasta cikewa a takardun hukuma, wanda yake tona asirinsu a gaban kowane akawu. Gundumar Brcko ce ta fara amincewa da su a doka a 2022, Tarayya ta biyo baya a 2023, lokacin da suka kai shekara 30 da haihuwa. Wannan ya nuna hangen nesan marubuciyar, domin matsalar da ta ɗora labarinta a kai ta riga doka da shekara 16.

4.6 Wuraren da Fim ɗin ya Gaza

Duk da yabon da aka yi, akwai wurare huɗu da za a iya kushe fim ɗin.

Na farko, ya tsaya a kan magani ya bar rigakafi. Mai kallo zai fita da tausayin Esma, amma ba a nuna masa abin da zai hana a sake yin haka ba. Babu kotu a cikin labarin, babu mai laifi, babu ma maganar neman hukunci a bakin kowa. Alhali kuwa hukunta mai laifi shi ne matakin farko na rigakafi, kuma matan da yawa sun ci gaba da haɗuwa da waɗanda suka cuce su a kasuwa da ofisoshi. Makaranta ma an nuna ta a matsayin wurin karɓar takarda kawai, ba a taɓo abin da ake koya wa yara ba. Wannan giɓi ne babba a ƙasar da ake da makarantun da ake raba yara bisa ƙabila a cikin gini ɗaya, tsarin da kotun ƙolin Tarayya ta ce wariya ce a 2014.

Na biyu, fim ɗin ya kalli matsalar ta idon ƙabila ɗaya. Gaskiya ne cewa mafi yawan waɗanda aka yi wa fyaɗe Musulmi ne, kuma ba laifi ba ne marubuci ya zaɓi labarin da ya fi sani. Amma kotun Hague ta tabbatar da cewa kowane ɓangare ya taɓa wannan laifi. A watan Nuwamba na 1998 ta sami Hazim Delic da laifin yi wa matan Sabiyawa fyaɗe a sansanin Celebici, a watan Disamba na wannan shekara kuma ta ɗaure Anto Furundzija, kwamandan Kuroshiyawa, shekara 10. An kuma ci zarafin maza a sansanoni irin su Omarska. Da an sa ko da mace ɗaya ta wata ƙabila a cibiyar matan aka ba ta baki, da ya yi wuya wani ya ce fim ɗin na wasu ne ban da wasu. Muddin kowace ƙabila matanta kaɗai take kuka a kai, to jikin mace ya sake zama kayan gardamar siyasa.

Na uku, sulhun ƙarshe ya zo da gaggawa. Tsakanin tonuwar asiri da ɗaga hannu a mota 'yan mintoci ne kawai. Ba a nuna yadda 'yan ajin suka karɓi Sara ba, ko yadda unguwa ta kalli Esma, alhali tsoron wannan ne ya sa ta yi shiru shekara 12.

Na huɗu, labarin mai gidan rawa da yaransa da rigingimunsu bai haɗu sosai da babban labari ba. Ya ci lokacin da ya kamata a ba Sabina da matan masana'anta, waɗanda karo-karonsu ya fi kowace fitowa nuna inda taimako na gaskiya ya fito.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an yi tarken fim ɗin Grbavica, inda aka ga cewa babban jigonsa shi ne wariya tsakanin waɗanda yaƙi ya cuta, kuma an gina wannan jigo a kan takardar shaidar shahada. An ga yadda jinsi ya hana Esma matsayi, da yadda gadon ƙabila ta wajen uba ya jefa Sara cikin ruɗu. An yaba salon ɓoye ta'asa da amfani da alamomi, an kuma nuna rawar da fim ɗin ya taka wajen gyaran dokar 2006, tare da bayyana yadda rabon ƙasa bisa ƙabila ya sa haƙƙin mace ya dogara ga inda take zaune. An kuma kushe shi a kan rashin taɓo rigakafi da taƙaita kallo ga ɓangare ɗaya.

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da sharuɗɗa uku ga duk manufar da ake son ta yi aiki bayan yaƙi: ta zama doka ɗaya ga ƙasa baki ɗaya ba tare da duban ƙabila ko mazauni ba, ta haɗa uwa da abin da ta haifa tun daga farko, ta kuma haɗa tallafi da hukunci da tarbiyyar makaranta. Wannan darasi ya shafi Arewa maso Gabashin Nijeriya, inda wani rahoto na Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da wata ƙungiya suka fitar a 2016 ya nuna yadda ake ƙyamar matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram da 'ya'yan da suka dawo da su. A babi na biyar za a kawo taƙaitawar aikin gaba ɗaya da shawarwari.